Bijimi ya tafi da jirginmu

Jama'a, bijimi ya gudu da kwale-kwalenmu! Wallahi ba wasa nake ba.

Jiya mu biyar muka tuƙa zuwa tsibirin da ke tsakiyar tafkin nan na bayan Maiyama, muka kafa tanti muka kwana. Kawu Bello ne ya ɗaure jirgin. Ɗan turke ya buga a yashi, kamar mai ɗaure tunkiya.

Gari na wayewa sai ga shanu sun yi iyo sun zo kiwo. Wani jan bijimi ya tura kai cikin jirgin yana lasar gishirinmu. Na daka masa tsawa. Ya zabura, igiya ta sarƙe ƙahonsa, turke ya tuge, ya faɗa ruwa yana jan jirgin!

Kawu ya ce, "Ɗana, mi ya kai ka yi mai tsawa?"

Na kira wanda ya ba mu hayar jirgin, ya ce yana kasuwar Jega, sai la'asar.

Ƙarfe goma ake saukar Alƙur'anin 'yata Hafsatu. Yanzun nan ta kira ni: "Baba, Malam ya ce ba za a fara ba sai ka zo."

Na ce mata ina hanya. Duk cikinmu ba wanda ya iya iyo.