Ranar da Aka Canza Cok a Rumfar Mma Humu

A unguwar Akwatialine babu wanda yake kiran Sumana da sunansa. Dogo ake ce masa tun yana yaron mota, har ya koma dakon ƙarafa a Suame, har baya ya gaji ya zauna gadin wani shagon kayan gyara. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa biyu suna Ankara. Abin da ya rage masa a duniya rediyo ne da tabarma da wani aiki guda da ba wanda ya ba shi.

Aikin kuwa shi ne kunna fitilar Mma Humu mai tuwon zafi. Doguwar fitila ce irin ta da, a can ƙarƙashin kwanon rumfa. Da magariba ta yi, kowane gida ya kunna kayansa, sai wutar unguwa ta yi sanyi, fitilar ta yi ta ƙifta ido tana gurnani ba ta kamawa. Nan ne Dogo zai fito daga masallaci, ya miƙa hannu ba tsani ba kujera, ya murɗa sitata, ɗan abin nan da ke tayar da ita, ya shafa ƙwan daga wannan kai zuwa wancan, ya yi bismilla. Sai ta kama. Mma Humu ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo, ya zauna a bakin benci kusa da tukunya.

"Ba tsawo ba ne," yakan gaya wa masu ci. "Hannu ne. Ta san hannuna."

Gaskiyar magana, ba tuwon ne ya dame shi ba. Ita ma Mma Humu mijinta ya rasu, kuma Dogo ya shekara da shekaru yana haɗa magana a cikinsa. Idan ya iso gabanta sai maganar ta narke, ya ce wutar yau ba ƙarfi. Fitilar nan ita ce kaɗai dalilinsa na zama a bencin nan kullum ba tare da an yi gulma ba.

Wata Asabar da la'asar ya biyo ta wurin ya tarar da tsani a jingine. A kansa akwai Nasira, 'yar ƙanwar Mma Humu, wadda ta koyi aikin lantarki. Ta kashe wuta daga mita, ta sauke ƙwan, tana kwance murfi.

"Ke, me kike yi wa fitilar mutane?"

"Sannu Baba Dogo. Cok ɗin ne ya mutu. Riƙe mini nan."

Ta yanke wayoyi huɗu, ta miƙo masa wani baƙin ƙarfe mai nauyi, yana warin kwalta. Shi ne, in ji ta, yake daidaita wutar da ke shiga ƙwan, kuma wannan ya tsufa har ya fara zubar da mai.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Dogo. "Lallashi kawai yake so."

"Baba, wata rana rumfar zai ƙona."

Ta ɗaura sabon, wani siriri mara nauyi, ta haɗa wayoyin launi da launi, ta naɗe da tef. Sannan ta cire sitatar ta jefa cikin jaka.

"Wannan fa?"

"Sabon ba ya bukatarta."

Dogo ya nemi wuri ya zauna. Da magariba ta yi, Mma Humu ta taɓa makunni da yatsa ɗaya, hannunta duk gari, rumfa ta yi fes. Rafiu direban tasi ya ɗago kai daga kwano ya ce, "Ei, Dogo, an yi maka ritaya ba sallama!" Benci ya ɗauki dariya. Dogo ya ce cikinsa ba daɗi, ya tafi gida.

Washegari ƙafarsa ta kawo shi da kanta. Ya tsaya a bakin kwata yana bin rufin rumfar da ido, ko ƙusa ta fita, ko kwano ya ɗaga. Komai lafiya, abin haushi.

"Malam Sumana," in ji Mma Humu, ba ta daina tuƙi ba. "Me ya lalace?"

"Babu."

"To me ka zo yi?"

Masu ci suka rage tauna. Dogo ya duba sama, fitila tana ta haskenta, ba ruwanta da shi.

"Wurinki na zo, Hajiya."

"Alhamdu lillahi, ashe da baki. Ni na kira Nasira da kaina. Na ga in ban kashe maka aikin nan ba, sai mu mutu kana ba ni labarin wuta. Yayana Alfa Muhaimin yana Moshi Zango, ka nemi dattawa biyu da goro ku je ku same shi."

Rafiu ya yi kabbara da tuwo a baki. Mma Humu ta ajiye muciya, ta ƙare wa Dogo kallo a sabon hasken, daga hula har silifa.

"Amma kafin ka je, ka kai wannan rigar wanki. Duk shekarun nan na ɗauka ruwan ƙasa ce. Ashe fara ce."