Kogin Da Ke Komawa Baya

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Bukan Sidi ta Lafiya a keke napep ɗaya, mu uku: ni, da Yayata, da maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Eggon mai sayar da kayan miya, wadda tun ranar da ta ji za mu Kalaba ta rantse ko a but ɗin mota ne sai an tafi da ita. Ni da 'yar jakata, Yaya da ledar sallaya da buta, ita kuwa maƙwabciya da jarkokin manja da buhunan da babu kome a ciki. Mai keke ya dube mu ya tambaya ko ƙaura za mu yi.

Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Kalaba, ni da ko Akwanga sai da dalili. To ga dalilin. Mijin Yaya, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana kai doya daga Lafiya zuwa can. Mutum ne mai labari, in ya dawo daga tafiya ƙofar gidansa cika take yi. A cikin labaransa akwai ɗaya da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya ce kogin Kalaba yana gangarawa teku, in an jima ya tsaya cak, sa'an nan ya juyo ya koma inda ya fito. Mutanenmu kuwa sun san Binuwai, sun san tun da Allah ya yi kogi gangara yake yi. Aka yi ta dariya, har maganar ta zama karin magana a unguwa. Duk wanda ya shirga ƙarya sai a ce, "Wannan ai ruwan Kalaba ne." Shi bai taɓa fushi ba, da shi ake dariyar.

Bara ya rasu. Yaya ta fita takaba ba da daɗewa ba ta je injin niƙa, ta ji wata tana ce wa wata, "Ke raba ni da ruwan Kalaba." Ba da ita ake ba, mai maganar ma ba ta san asalinta ba. Amma Yaya ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Da na je gaishe ta sai ta ce min, "Auta, ka kai ni in gani da idona. In ƙarya ya yi, in san abin da zan roƙa masa gafara a kai. In gaskiya ce, in san gaskiya ce."

Na yi ƙoƙarin rage mana wahala. Na ce mata a littafi an ce ruwan teku yana cika yana janyewa, na nuna mata a waya. Ta ce waya ai har akuya take sa ta yi wa'azi. Ni kaina kuma, tsakani da Allah, na san na bakin teku, amma ban da tabbacin kogi sukutum yana juyawa. Tsoron da na tafi da shi ke nan, kada in ɗauki baiwar Allah in kai ta ƙarshen ƙasa don ta ga abin da zai karya mata zuciya.

Shirin tafiyar kuwa na yi shi irin na malamin makaranta, wanda in bai yanka yini kamar darasi ba hankalinsa ba ya kwanciya. Na tsare wani abokin aikina da ya yi bautar ƙasa a can, ya lissafa min wuraren gani: tsohon gidan gwamnan Turawa a kan tudu, gidan tarihin cinikin bayi, babbar kasuwa, unguwar Hausawa. Yini ɗaya cur muke da shi a garin, na raba wa kowane wuri lokacinsa. Bakin kogi, abin da ya tashe mu daga gida, na ba shi 'yan mintoci da safe. A tunanina za mu leƙa, mu gani, mu wuce.

Kuɗin mota ya tashi yadda ba na son tunawa, kuma direba ya ce jarkoki ma fasinjoji ne. Maƙwabciya ta tsaya masa: "Oga, jarka nan ba ya da nauyi, iska ne a ciki. Iska ma za ka karɓi kuɗi?" Ya yi dariya ya ƙyale ta. Rana ta ɗan ɗago muka hau gadar Makurɗi. Yaya ta manna fuska a gilashi tana kallon Binuwai har muka sauka, ta ce a hankali, "Ka gani, shi dai gangara yake yi."

Wajen Gboko lemo ne tuli-tuli a bakin titi, da arha kamar an tsince shi. Yaya ta sa aka cika mata leda, na zaci don sha ne kawai. Daga nan sai shingayen jami'ai, ka wuce wannan kana hango wancan. A Ogoja muka tsaya muka ci shinkafa da miya mai yaji, muka haɗa azahar da la'asar. Bayan Ikom ƙasa ta sauya gaba ɗaya: itatuwa dogaye, gonakin koko, ayaba ko'ina, ga danshi yana manne wa mutum riga. Maƙwabciya ba ta daina kwatanta farashi ba, duk abin da ta gani sai ta ce a kasuwar Doma ya fi araha, har ayabar da ake sarowa daga nan. Daga Ugep zuwa Odukpani hanya ta gwada mana halinta, ramuka da manyan motoci, mu yi gaba kaɗan mu tsaya. Yaya ta dubi wata babbar mota mai ɗauke da doya da ke rarrafe a gabanmu ta ce, "Ashe nan Baban yara yake bi." Sai bayan magariba muka shiga Kalaba.

A Bogobiri muka sauka, unguwar Hausawa. Ka rufe ido ka ji Hausa da ƙamshin tsire sai ka rantse kana gida. Na ce wa Yaya ga mutanenmu, bari in tambayi ko da mai shayi ne maganar kogin nan mu kwana da sani. Ta riƙe min hannu ta ce, "Ba ji na zo yi ba, ji ne ya ishe ni."

Da hantsi muka sauka bakin ruwa. Kogi ne mai faɗi, ruwansa kalar kunun gyaɗa da aka zuba wa ƙasa, can tsallake itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu cikin ruwa. Yaya ta ciro lemo ta ɓare, ta jefa ɓawon. Ashe abin da marigayi ya ce yana yi ke nan in ya sauke kaya. Ɓawon ya bi ruwa ya gangara wajen teku, lafiya lau, kamar kowane kogi. Ta jefa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Wallahi a lokacin na yi da-na-sanin zuwa.

Wata dattijuwa mai ƙyafa kifi a gefe tana kallonmu, ta tambaya da turancin buroka ko sadaka muke wa ruwa. Na yi mata bayani a taƙaice. Ta yi dariya ta ce ruwa yanzu ya tafi, mu jira shi, zai dawo in rana ta karkata. Na faɗa wa Yaya, na ƙara da cewa to mu je mu ga sauran wuraren mu dawo. Ta shimfiɗa sallayarta a inuwa ta zauna. "Ku je ku ga gidan Turawanku. In na tashi ya juya ba na nan, wa zan ce ya gani?" Duk tsarina ya rushe tun kafin a fara.

Muka bar ta ba don na so ba. Gidan gwamnan yana kan tudu, na katako, mai zagayawa da mu ya ce a gutsuttsure aka kawo shi a jirgin ruwa daga ƙasar Turawa aka harhaɗa. Daga barandarsa ana hango kogin gaba ɗaya, ni kuwa ba gidan nake kallo ba, wani ɗan ɗigo mai launin hijabin Yaya nake nema. Gidan tarihin bayi ne ya tsayar da ni. Sarƙoƙi, da ƙarafan wuya, da siffar yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar doya a bayan mota. Maƙwabciya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da muka fito ta goge ido da gefen zani ta ce, "Malam, kakana ya ce mu ma an kama mutanenmu, shi ya sa muka hau dutse. Ashe wasu nan ne ƙarshen hanya." Daga baya ta ja jarkokinta ta nufi kasuwa, ni na koma bakin ruwa da sauri.

Na tarar da Yaya da dattijuwar nan zaune kafaɗa da kafaɗa suna cin kifi da lemo, wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin buroka, amma hira suke da hannu. Ruwa kuwa ya janye sosai. Kwale-kwalen da na bari suna lilo yanzu suna kwance a kan taɓo, ƙananan ƙaguwa na ta gudu a tsakaninsu. Muka yi sallah a nan, muka ci gaba da zama. Zafi ga danshi, ƙudaje ga warin kifi. Yaya takan jefa ɓawo lokaci-lokaci, yana tafiya, amma tafiyar tana raguwa kamar ta wanda ya gaji. Lemon ya kusa ƙarewa, na fara tunanin inda zan sayo wani.

Sai ta jefa ɗaya ya ƙi tafiya. Ya tsaya a inda ya faɗa, yana ɗan juyi a wuri ɗaya. Dattijuwar ta taɓa mata gwiwa ta nuna da baki. A hankali, a hankali, ɓawon ya fara matsawa hannun da ruwan ya fito. Wata robar ruwa da ta wuce mu ɗazu ta dawo ta gabanmu. Ganye da tarkace duk suka juyo suka bi sahu, taɓo ya fara nutsewa, kwale-kwalen suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta miƙe tsaye. Na zaci kuka za ta yi, sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinta ba tun rasuwar, hawaye na zuba. "Baban yara! Ka ga mutumin nan, Auta? Ashe har tsayawar ma da gaske ne." Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a doguwa, dattijuwar na cewa amin da nata harshen. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki abin a waya.

Kasuwar da na tsara ban gan ta ba, sai labarinta daga maƙwabciya, wadda ta dawo da manja da busasshen jatan lande, karon farko tana yarda wani abu ya fi na Doma araha. Da yamma muka ci miyar ganyensu da ake kira afang da teba, da ƙananan dodon koɗin da ake zuƙewa. Na zuƙa har kunnena ya toshe ban samu kome ba, mai abincin ta tausaya ta ciro min da tsinke. Washegari muka kamo hanya, warin jatan lande ya raka mu har gida, jarka ɗaya kuma ta yi wa wandona ado. A gadar Makurɗi Yaya ta sake leƙa Binuwai ta ce, "Kai dai ba ka iya ba."

Matan unguwa suka cika gidanta da safe don barka da dawowa. Ta ba su labari tiryan-tiryan, ɓawon lemo da tsayawa da juyowa. Maƙwabciya, wadda tana kasuwa aka yi kome, ta fi kowa rantsuwa. Wata ta kasa riƙe dariya ta ce, "Kai, Maman yara, ke ma kin sha ruwan Kalaba!" Gida ya ɗauka. Raina ya ɓaci, na ciro waya zan nuna musu.

Abin da tafiyar nan ta koya min bai da yawa. In za ka kai mutum wuri, ka fara tambayarsa me zai je gani, kada ka tsara masa abin da kai kake ganin ya cancanci gani. Kuma ka bar wa jira wurinsa, don wani abin ba ya zuwa sai an zauna masa. Na uku kuwa a tsakar gidan nan na koye shi, da Yaya ta dafe wayar tana dariya tare da su.

"Mayar da ita aljihu, Auta. Shi da ba shi da shaida bai daina faɗa ba har ya koma ga Allah. Ni da na gani, me zai dame ni?" Ta juya wajen matan ta gyara zama. "E, ruwan Kalaba ne. Ku matso in sake ba ku daga farko."