Ciwon Karatu da Ƙwaryar Kakata

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, kowa a kwalejin horon malamai yana koyon maci da waƙar tuta, ni kuwa kaina ne ya yi mini tawaye. Ina ajin ƙarshe, jarrabawa ta ƙarato. In na buɗe littafi sai haruffa su kama yawo kamar tururuwa, ƙeyata ta ɗau zafi, hannuna ya yi ta rawa har alƙalami ya faɗi. Barci ya ƙaurace mini. Na ji tsoro, na kuma ji kunya, don ni ne ɗan Bagudo da aka raka har bakin kogin Kwara da addu'a, ana cewa malami zai dawo. Shugaban kwalejin ya ce in je gida in huta.

Da na isa gida, ɗan disfensa, wani mutumin Kudu mai fara'a, ya duba idona da harshena, ya ce lafiyata ta fi tasa, ya ba ni farar ƙwaya. Maƙwabta kuwa kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce boko ne ya yi mini yawa. Sai da na kwana bakwai, sannan babana ya kira ni zaure ya yanke magana: in wata biyu suka cika ban warke ba, ni da kwaleji sai labari, ga gonarmu ta hanyar Zagga tana neman hannu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini ya jiki ba, kakata, uwar babana. Daga ƙetaren iyaka aka auro ta, ta wajen Dahomey, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta rabu da Dendanci, yaren garinsu, ba. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. Sana'arta zanen ƙwarya: ta sa wuƙa a garwashi, in ta yi ja ta ƙona ado a bayan ƙwaryar. Ta ce ita ba ta ciyar da mijin da ya zauna yana kallon bango, in taso in kama aiki. Ta miƙo mini wata tsagaggiyar ƙwarya wadda ko kaji ba a ba ruwa a ciki.

Na ce bari in nuna wa tsohuwar nan amfanin ilimi. Na ɗauko rula da fensir daga akwatina. Na ɗora rula a bayan ƙwarya, ta karkata nan, ta karkata can, ta ƙi zama. Kakata ta yi dariya har kallabinta ya zame.

"Maigida, shekara huɗu kana boko, ba wanda yag gaya maka ƙwarya ba allo ba ce?"

Ta karɓe rular ta shiga tona garwashi da ita. Raina ya ɓaci sosai, don ina da zuciya tun ina yaro, amma wa zai kai ƙarar kakarsa?

Na ɗau wuƙa na ɗora. Wani hayaƙi mai ɗaci ya taso ya cika mini ido, hawaye suka zubo, hannu ya kama rawarsa. Abin da na zana, tonon kaza ya fi shi tsari. Na jefar da wuƙar na ce ba zan iya ba, ba ta ga ba ni da lafiya ba?

"Ɗauki wuƙakka," in ji ta. "Ja numhwashi, ka sake shi sannu bisa bakin wuƙa, shi kore maka hayaƙi. Inda numhwashi yaƙ ƙare, nan zane ka tsayawa."

Sai a lokacin na lura da bakinta. Kullum a tsuke yake in tana aiki, tana hura iska siririya. Kowane layi tsawon numfashi ɗaya ne. Ƙoren da ta zana tana amarya layukansu dogaye ne, na tsufanta kuwa gajeru, kusa da kusa.

Aikin nan ba ya son raba hankali. In na tuna jarrabawa sai in manta hurawa, hayaƙi ya hukunta ni nan take. In na hura da fushi, wuƙa ta huce tun ban kai ko'ina ba. Kakata ta ce in zana abin da ke cikin kaina, na cika ƙwarya guda da tururuwa. Wata Bafillatana mai kawo mana nono ta juya ta, ta tambaya ko don korar baƙi aka yi ta. Ranar da 'yan makaranta suka wuce da tutoci, muna zaune muna hurawa. Kakata ta ce danginta na ƙetare sun riga mu samun nasu mulkin kan, kuma har yanzu furar jiya suke sha. Wata rana na ji kiran azahar, na gane tun hantsi ban tuna da kaina ba. Na fara samun barci.

Ana haka takarda ta zo daga kwaleji. Babana bai san boko ba, sai ya miƙo mini a zaure, gaban wani dattijo abokinsa, ya ce in karanta. Ina buɗewa haruffan suka fara motsi. Ban san lokacin da na tsuke baki na hura wa takardar iska ba. Dattijon ya ɗauka tofi nake yi, ya shafa fuska ya ce amin. Na bi ta layi-layi, ina karantawa ina fassarawa: in ban koma cikin kwana goma ba, za a cire sunana daga masu jarrabawa.

Babana bai kalli takardar ba, hannuna yake kallo, kuma hannun bai daina rawa gaba ɗaya ba. Ya tambaye ni ko na warke. Ƙarya tana bakina, kalma ɗaya ce, kuma na san sharaɗinsa. Amma ban taɓa yi masa ƙarya yana kallona ba.

"Ban warke ba, Baba. Amma ina iya karatu da shi."

Har na fara hango kaina da fartanya.

"Ni nac ce sai ka warke," in ji shi. "To ni ma shekara ashirin ke nan bayana bai warke ba, kuma ko damana guda ban bar gona ba. Tashi ka haɗa akwatinka."

Ban taɓa sanin bayansa yana ciwo ba. Da ya zo miƙewa ya dafa bango, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa godiya, don tun ina yaro haka nake ganin yana miƙewa.