Ranar Da Fatawu Ya Zauna

Baballe yana goge motar maigidansa a unguwar Bin Mahmud ta Doha da hantsi, ana saura mako ɗaya a fara gasar kofin duniya, aka kira shi aka ce Fatawu ya rasu. Wai zuciyarsa ce ta tsaya. Baballe ya durƙushe a bakin titi da tsumman a hannunsa.

Fatawu ɗan zangon Kumasi ne, mai lodin kaya a filin jirgi, Allah ya jiƙansa. A ƙungiyar Hausawan Doha akwai doka: wanda ya miƙe yana magana ba a katse shi, kuma da an kira magariba taro ya tashi. Da korona ta ɗauke dattijon da ke yanke musu hukunci in an samu saɓani, 'yan Najeriya, da yake sun fi yawa, suka kawo nasu ya gaje shi. 'Yan zango suka ƙi, suka tura Fatawu ya riƙa cinye lokacin taro. Duk taro zai miƙe bayan la'asar, ya faro daga kakansa mai fataucin goro, ba zai dire ba sai an ji ladan. Shekara biyu kujerar ba kowa. Aure biyu suka mutu don babu mai shiga tsakani.

Baballe amininsa ne, kwano ɗaya suke ci, amma yana ɓangaren 'yan Najeriya. Shi aka ɗora wa kawo ƙudurin soke dokar tun kafin kowa ya miƙe. Ya kasa ɓoyewa, ya sami Fatawu a unguwar Muntaza ya faɗa masa. Fatawu ya ce in dokar ta tafi, 'yan zango sun zama 'yan kallo. Suka daɗe suna ja, kafin suka tsaya a kan a naɗa na Najeriya, a bar dokar, naɗi na gaba na zango ne.

Ranar Juma'a Fatawu ya miƙe, ya yi sallama, ya zauna. Mutanensa suka fice, wani yana ce masa maci amana. 'Yan Najeriya suna ta zungurin Baballe ya fito da takardar ƙudurin, shi kuwa ya bar ta a aljihu. Aka yi naɗi.

A ƙofa Fatawu ya riƙe wa Baballe hannu.

"Ba za su ƙara gaishe ni ba."

"Za su huce."

"Ko ba su huce ba. Kai dai in namu ya zo, kar mutanenka su ce ba a yi haka ba."

"In sun ce, sai ka tuna musu."

"Ni ba wanda zai saurare ni yanzu, ɗan'uwa. Kai za ka tuna musu."