Ga Malam Zailani, Wanda Ya Sauke Ni

Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Alhamis, 16 ga watan Oktoba 2025, bayan la'asar, Hamdiya ta buga mini waya ta ce mahaifinta Malam Zailani ya cika a asibiti, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina tsaye a tashar jirgin métro ta Montreuil. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ban shiga ba.

Malam, ni ne Nouhou, mai horar da ƙungiyar ƙwallon ɗaliban Nijar na Paris. Da za ka ji ni ne na zauna rubuta maka ta'aziyya, da ka yi dariyar nan taka har hula ta karkace, don duk wanda ya taɓa zuwa filinmu na Bobigny ran Lahadi ya san ba ni da mai suka kamarka. Wurinka ɗaya ne, jikin ƙarfen da ke bayan raga, da babbar rigar sanyi a kan kaftani da tarmos ɗin shayi a hammata. Kafin a busa usur ka fara: "Nouhou, démission," wato in ajiye aiki. Ba ka ko ɗaga murya sosai. Shekarun da ka yi kana koyar da lissafi a lycée, babbar sakandare, sun koya maka yadda ake sa magana ta kai kujerar baya.

Idan an tafi hutun rabin lokaci kuwa, kofin farko nawa ne. Ka miƙo mini ka ce in sha, mai shirin barin aiki yana bukatar ƙarfi. Rigunan wasanmu a gidanka ake wanke su. Ɗalibin da ya sauka daga Yamai ba shi da wurin kwana, kujerar falonka ce gadonsa har ya samu ɗaki. Ni ma a kanta na kwana farkon zuwana, kai ka nuna mini shagunan unguwar La Goutte d'Or inda ake samun kuka da daddawa.

Laifina a wurinka ɗaya ne: tsoro. Ina tara yara a baya, in tsare gida, in jira abokin gaba ya yi kuskure. Wata rana a hanyar gida ka ce mini, "Ɗana, kana horar da su kamar masu layin takardar zama a préfecture. Kai a ƙasa, kar a yi motsi, kar a ɓata wa kowa rai. Duk mako haka suke rayuwa a ƙasar nan. Ran Lahadi ma ba za ka bar su su yi gudu ba?" Na ce maka ƙwallo lissafi ce. Ka ce kai ne malamin lissafi, kuma ba ka yarda ba.

Bana magana ta yi zafi. Shekara uku a jere ɗaliban Lyon suna cin mu a wasan shekara, magoya baya suka rabu biyu. Wasu na cewa Nouhou ya gina ƙungiya daga babu, a bar shi. Wasu na cewa ginin ya isa haka, a kawo mai cin wasa. Aka tsayar cewa bayan wasan Lyon za a yi taro a ɗaga hannu. Ba na ɓoye maka, na ji tsoro ƙwarai. Ba ni da mata a nan, ba ni da dangi. Filin nan shi ne gidana a Paris, ban san me zan yi da Lahadi ba in an karɓe shi.

Sai ka tafi kafin wasan.

A jirgin ƙasa zuwa Lyon barci ya ɗauke ni, na gan ka. Filin Bobigny ne, amma ciyawar ta koma rairayin Damagaram da kake ba mu labari, inda kuka buga ƙwallo ba takalmi. Kana tafe a tsakiyar fili da tarmos ɗinka, yara suna wuce ka a guje, ba wanda ke tsaron gida, ba ma raga. Ka waiwayo kamar za ka faɗi kalmar nan taka, ba ka faɗa ba. Na farka gonaki suna wucewa ta taga, hazo a kwance a kansu.

A Lyon hazon bai tashi daga bakin kogi ba har aka fara wasa. Na dubi bayan raga, ƙarfe ne kawai. Na tara yara na ce musu yau ba tsaron gida, kowa ya yi gaba. Suka dube ni kamar ba su san ni ba. Malam, da ka ga Rayan, yaron da na shekara biyu ina ɗaure shi a baya. Ashe haka yake da gudu. Suna shiga hazo suna fitowa, ina jin dariyarsu kafin in gan su. An ci mu huɗu da uku. A hanyar dawowa waƙa suke yi, ni kuma ina kuka a hankali, don ranar ce na fi son ka gani.

Taron a wani ɗaki na foyer ɗin Montreuil, masaukin baƙi, aka yi. Shugaban ƙungiya Abdulrazak ya ce masu son in zauna su ɗaga hannu, sannan masu son in sauka. Aka yi kunnen doki. Ana cikin haka sai Hamdiya, wadda ta kawo rigunan wasa da mahaifiyarta ta wanke, ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ba nawa ba ne, na Baba ne. A asibiti ya ce ko ba ya nan in ɗaga masa." Kowa ya san hannun na masu son in sauka ne.

Abdulrazak ya dube ni, ya ce ai mamaci ba ya zaɓe. Kalma ɗaya zan faɗa in tsira da aikina, kowa ya san haka. Amma mutumin da bai taɓa fashin Lahadi ba, ta yaya zan ce ba ya cikinmu? Na ce, "A ƙirga shi."

Ka ci ni, Malam. Hajiya A'i, mai ɗakinka, ta aiko mini da tarmos ɗin. Lahadin da ta wuce na tsaya a wurinka, jikin ƙarfe, na kai wa sabon mai horarwa kofin farko. Ya tara yara a baya, na buɗe baki in faɗa masa abin da ya kamata, murya ta ƙi fita. Zan sake gwadawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka saukar da baƙi a falonka, Allah Ya saukar da kai a Aljanna Firdausi. Hajiya A'i, Hamdiya, da dangi na Damagaram, Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.