Talabijin ɗin da na kai wa Inna ta sa albarka

Ina da shekara arba'in da ɗoriya, da mata da 'ya'ya, amma har lokacin a gidan kallo na bakin Ƙofar Kibo nake kallon ƙwallo, benci ɗaya da yaran da nake koyarwa da safe. In an ci ƙwallo su rungume ni, gobe a aji na rasa da wace fuska zan tambaye su aikin gida. Wannan ne ya sa na ƙudura sai na mallaki talabijin nawa, irin shafaffen nan na bango.

Na yi makonni ina sintiri a shagunan Sabon Gari. Da farko masu shago har kujera suke jawo mini, daga baya suka koma amsa sallamata ba tare da sun ɗago kai ba. Na haddace maganar inci, na san wanda ke shiga intanet da wanda ba ya shiga, na ishi abokan aikina da bayanin da ba wanda ya tambaye ni. A ƙarshe na zaɓi wanda ya kusa tsawon tabarmar salla, na haɗa da sifiku da wata ƙatuwa mai gurnani da suke kira ufa. Keke-napep bai iya shiga lungunmu ba, sai a ka muka ƙarasa da kwalin ni da mai keken. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don duk unguwa ta gani.

A gidanmu akwai al'ada. Duk sabon abin da ya shigo, babur ne ko keken ɗinki ko takalmin salla, sai an fara kai shi ɗakin Inna, mahaifiyata, ta ɗora hannu ta sa albarka. Matata ta tare ni a tsakar gida, ta dubi kwalin, ta dube ni.

"Malam, ka kai mata rimot ɗin kawai ta sa albarka. Ai duk ɗaya ne."

Na ce mata ba a yi wa al'ada ha'inci. Gaskiyar magana ita ce ɗakin Inna yana can ƙuryar gida, kafin ka kai sai ka ratsa sashen ƙannena duka, kuma so nake kowa ya leƙo.

Inna tana da nata tsohon talabijin mai ƙatuwar ƙeya, kullum yana kan tashar da ke nuno masallacin Makka. Idonta ya yi rauni, don haka ta daɗe da mayar da shi rediyo: ta juya masa gefe tana jan carbi tana sauraron karatu. Da na ajiye kwalin ta shafa shi ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa rai aka yi wa. A nan ya kamata na ɗauki kayana na fita. Amma an kawo wuta, ga matan gida sun cika ƙofa, ni kuwa ban gama nuna kaina ba. Na farke kwali, na jingine talabijin da bango, na zare wayar nata na soka a nawa.

Ɗakin ya cika da haske. Inna ta juyo, ta matso da gwiwa har ta kusa taɓa gilashin, ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Ashe mutane ne. Ga wani can ya ɗauko yaro a wuya."

Sai ta ɗaga hannu, addu'ar kuma ta canza. "Allah ya ba ka masu yi maka. Yadda ka faranta mini, Allah ya faranta maka." Duk Bahaushe ya san wannan addu'a, ba a yin ta sai ga wanda ya yi kyauta. Na waiga na ga matata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ni ne ɗan fari. Tun da nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban mutane ba, ko magana za ta yi da ni sai ta kalli wani wuri. Haka kunyar take, ban kuma taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Amma ran nan ta aika aka kira maƙwabta, ina tsugune ina jin ta tana cewa, "Ku zo ku ga abin da yaron nan ya kawo mini." Na ji daɗin da ban san ina jiransa ba, na kuma ji takaicin talabijin ɗina, duka a lokaci guda. Na kwashi sifikuna na fice sumsum.

Kwanakin da suka biyo baya na shirya jawabai kala-kala. Zan ce aro na ba ta. Zan ce hasken yana ɓata ido. Kullum in na shiga gaisuwa sai na tarar da ita a gabansa, jawabin ya maƙale, na ɓige da tambayar ko ta tashi lafiya. Ranar Asabar kuma na saɗaɗa na koma bencina a gidan kallo.

Wata safiya matata ta ce Inna ta ba ta saƙo: wai ta ce wa mijinta ya zo ya ɗauki kayansa. Na tafi da sauri har ina tuntuɓe. Na tarar ta kashe shi, ta lulluɓe shi da zanenta mai kyau. Ba ta kalle ni ba, bango take yi wa magana.

"Na san ba ni aka sayo wa ba. Wa zai sayo wa tsohuwa abu da waɗannan gangunan? Bakina ne ya riga ni. Na dai ga abin da na gani, ya ishe ni. A ɗauka."

Abin da na yi ta roƙo ke nan, ga shi an miƙo mini ba tare da na buɗe baki ba. Na dubi zanen, na dubi tsohon mai ƙeya da aka ture gefe, wanda za ta koma juya wa kunne. Na ji bakina yana cewa, "Haba Inna, wa ya gaya miki? Ai naki ne." Na yaye zanen na kunna mata. Ta gyara zama ta matso.

Mai ƙeyar na ɗauko. Yana ɗakina yanzu, an haɗa masa sifiku da ufa. In ana wasa ƙofar ɗakin har rawa take yi, masu wucewa a lungu suna cewa Malam ya more. 'Yan wasan kuwa kamar tururuwa, ƙwallon ma sai na ƙanƙance ido. Yawanci nakan gaji na juya masa gefe, na jingina da bango, na saurara.