Ranar da Mama Ta Ba da Waƙa ta Tarho

Jikokina sai su shafa fuskar waya, waƙa ta zubo musu daga ƙasar da ko sunanta ba su iya faɗa ba, kuma ko a jikinsu. Ni kam har yau abin yana ɗaure mini kai.

A unguwar Gamboru ta Maiduguri muke zaune lokacin da za a aurar da yayata a Jos. Mama ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, kuma tun da aka sa rana take tsara wa amarya waƙa, tana rerawa a bakin murhu har muka haddace ba don muna so ba. Ana gab da tafiya ta zame a Kasuwar Litinin, ƙafa ta karye. Matan zumunta suka cika mota da tulunan kiɗansu suka tafi, aka bar ni da jinya ina ta kumbure-kumbure, ga sabon ɗinkina a ninke. Mama ba ta yi kukan ƙafa ba. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne 'yarta za ta shiga gidan miji ba ta ji muryarta ba.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne Babarbare, dillali a Kasuwar Shanu, shi kaɗai ke da tarho a layinmu. Ya shigo dubiya, ya gaida Mama da Barbarci.

"Wushe, maman yara. Can gidan bikin babu waya ne?"

"Akwai a gidan fasto, Alhaji. Amma waƙa ce fa, ba gaisuwa ba."

"Ni da nake cinikin bijimi da mutanen Legas ta cikinta? Waƙa ta fi bijimi nauyi ne?"

Ranar biki da la'asar, matansa suka kama mini muka kai Mama falonsa a kan kujera. Ya yi ta juya lamba, layi na katsewa, ni kuwa ina cewa a raina mun wahalar da baiwar Allah a banza. Can sai ga muryar fasto. Alhaji ya yi masa bayani, jim kaɗan fasto ya ce sun jawo tarhon bakin taga, sun kara shi da lasifika.

Mama ta riƙe kan tarhon da hannu biyu, ta yi gyaran murya, ta ba da baitin farko. Shiru, sai ƙarar layi. Kunya ta kama ni.

Sai amshi ya taso. Mata masu yawa, da kiɗan tulu, duk suna fitowa ta 'yan ramukan kan tarhon nan da ba su fi na rariya ba. Uwargidan Alhaji ta dafe ƙirji tana salati. Mama na ba da waƙa daga Maiduguri, Jos na amsawa!

A baiti na uku Mama ta tsaya. Ta manna mini tarhon a kunne.

"Saurara da kyau. Waccan siririyar muryar da ke makara, ta yayarki ce. Kuka take yi, amma tana amsa mini."